Rami Na Gaishe Ka, Maigida

Gidan da aka kai ni aure a Zangon Kwatano gidan masu ɗaukar kaya ne tun kaka da kakanni. Ban ce 'yan kasuwa ba, kada a haɗa. Ɗan kasuwa kayansa nasa ne, in ya ruɓe shi ya jiyo. Mu kuwa kayan mutane muke ɗauka, mu kai inda aka ce, mu sauke shi yadda aka ɗora. Wanda bai taɓa ganin hadari ya haɗo ba alhali albasar wani tana bisa motarsa, bai san nauyin amana ba.

Kakan maigidana da jakuna ya fara. Kanwa da albasa daga arewa, goro da gishiri daga kudu. Ya tsufa a gaban ayari, 'ya'yansa na binsa a baya da furfurarsu, ya ƙi sauka, har ranar da ya faɗi a hanya wajen Jugu aka binne shi a gindin wata ɗorawa. Yau ba wanda zai iya nuna maka ɗorawar. Amma mazan gidan in suna ba da labarin sai ka ga suna gyara zama. "Namijin gidan nan a hanya yake cikawa," haka suke cewa, kamar wata sarauta ce aka bar musu.

Surukina shi ne ya sauko da gidan bakin teku. Da jirgin ƙasa ya kashe wa jakuna kasuwa, sai ya sayar da su ya koma amalanke, yana da majiya ƙarfi masu turawa tsakanin tashar jirgi da bakin ruwa da kasuwa. Shi bai cika a hanya ba. Ɗansa, wato maigidana, ya sayi kamiyo, babbar motar kaya, amalanken suka tafi ɗaya bayan ɗaya, tsohon ya koma tabarma a ƙofar gida. Ni na yi masa hidima, ni na sani. Abinci bai taɓa yanke masa ba, gaisuwa ma haka. Kowa ya wuce sai ya durƙusa. Amma ba mai tambayarsa komai. A ɗora kaya a gabansa, a ɗaure, a tashi, ba wanda zai ce, "Baba, ya ka gani?" Ya bushe a zaune kamar kuɓewar da aka manta a rana. Ranar da aka tashi daga zaman makokinsa maigidana ya tsaya a kan tabarmar ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Ni dai ba zan hau wannan ba."

Akwai wata doka a gidan, ba wanda ya kafa ta da baki amma kowa ya san ta. Ba a tambayar babba abin da ke hannunsa. Sandar ayari ce, igiyar amalanke ce, makullin mota ne, sai ya miƙo da kansa. Ɗan da ya tambaya ya ci mutuncin ubansa, kuma Zango ba ta mantuwa.

Motar tamu mai jikin katako ce, shuɗiya da ratsin ja. An ce akwai rubutu a goshinta, wai haƙuri ake nufi. Ni ban shiga lekol ba, wato makarantar boko, ban karanta ba, amma ina jin ƙuginta tun daga kwanar masallaci na san ko da kaya take ko wayam, na san ko maigida ya dawo da fara'a ko sai an lallaɓa. Takan hau arewa da gishiri da kwanonin sha da atamfa, ta bi Bohiko da Paraku da Kandi har Malanbil, ta sauko da albasa. A gida kuwa ni ce biro, wato ofishin motar. Matan kasuwar Dantokpa masu jiran albasa wurina suke zuwa, a tsakar gidana ake faɗa a shirya. Ni ke ɗinke tampol da basilla, ni ke yin guzuri, dambun nama da dakuwa da garin fura. Jikokina yanzu suna da tireloli masu ɗaukar akwatunan ƙarfe daga bakin ruwa, da ofis mai sanyi, da waya a kowane aljihu. Madalla. Amma a tsakar gidan nan aka haife su duka, har tirelolin.

Da soja suka karɓi ƙasa aka shiga juyin juya hali, abubuwa sun sauya. Sunan ƙasar ma an sake shi. Yara suna dawowa daga lekol suna ɗaga hannu suna ihun "Ehuzu!", wato juyi, ranar Asabar a fito da tsintsiya a share titi, babba da yaro kowa ya zama kamarad, wai abokin gwagwarmaya. Jandarman da bai kai ɗan cikina ba ya tsayar da maigidana a shinge ya ce masa kamarad. Ya dawo gida yana huci. Na ce, "To, kamarad, ga ruwan wanka." Kwana da kwanaki bai yafe mini ba. Amma albasa ba ta san juyi ba. Masu mulki ma da ita ake yi musu miya, saboda haka motarmu ba ta tsaya ba.

Abokin tafiyarsa wani Bazabarme ne da suka fara tare tun suna samari. Sunan aikinsa yaron mota, amma gemunsa ya riga na maigida fari. Bai taɓa iya tuƙi ba, ƙafarsa ɗaya ta taɓa karyewa ta ɗoru a karkace. Ni kuwa Bagobira ce, kun san wasan da ke tsakaninmu da Zabarmawa. Ban taɓa ba shi tuwo ban gaya masa magana ba, shi ma bai taɓa karɓa bai rama ba.

"Bawana, ga na bayi."

"Allah ya saka, uwar ɗakina. Gishirin ne dai ya yi kaɗan, amma me za a ce da Bagobira, a garinsu sai da sallah ake ganinsa."

Wurinsa a mota bisa kaya ne, can sama, yana kama iska. Wata shekara sai na ga ya koma gaba, gefen maigida. Na tambaya, ya ce gwiwa ce ta hana shi hawa. Na yarda. Wasu abubuwan ma na gan su na wuce. Maigidana mutum ne da in na ɗaura sabon zane sai ya tanka, ko yabo ko tsiya, sai ya daina. In yana zuba shayi sai ya sa ɗan yatsa a bakin kofi. In baƙo ya yi sallama ba ya kiran sunansa sai ya yi magana ta biyu. Na ce tsufa ne. Mace takan ga abu ta rufe shi da faifai in ba ta shirya masa ba.

Sai wata damina da ruwa ya ƙi ɗaukewa, tafki ya cika ya shiga gidajen mutanen unguwar Ladji. 'Yan kwamitin unguwa suka zo da jan ƙyalle a hannu suka ce juyin juya hali na bukatar motarmu. Za a kai matan Zango da bokitai da abinci, a kwaso kayan waɗanda ruwa ya ci. Ba a musu da kwamiti, kuma ko ba su zo ba da mun je, don mai kawo mini kifi busasshe can take zaune. Mata suka cika bayan mota maƙil. Ni kuwa aka ce uwargida ba ta hawa baya, aka sa ni gaba tsakanin tsofaffin biyu. Tun da aka sayi motar ban taɓa shiga cikinta tana tafiya ba sai ranar.

Mun fita titi kenan sai Bazabarme ya gyara murya.

"Maigida, mai keke na gaishe ka ta dama."

"Ina amsawa," in ji maigida, ya ɗan karkata hagu.

"Rami na gaishe ka. Babba ne, ya zo da iyalinsa."

"A gaishe su." Ya rage gudu, muka bi gefe.

"Mai tallar burodi na gaishe ka. Ta tsaya. A'a, ta fasa tsayawa."

Dariya ta kama ni. Na ce, "Kai bawana, yaushe ka zama maroƙi?"

"Uwar ɗakina, maigidana mai jama'a ne. Ke ce ba ki san wanda kike aure ba."

Haka muka yi ta tafiya, akuya ta gaishe shi, amalanke ya gaishe shi, kwata ma ta gaishe shi. A baya mata suna rera waƙar da kwamiti ya koya musu, rabi da Fonanci, yaren 'yan garin, rabi da abin da suka ga dama. Muna dab da Ladji, inda hanya ta matse ruwa ya ci gefenta, wata yarinya ta fito daga lungu da bokiti a ka. Wannan karon ba gaisuwa.

"Tsaya!"

Ya taka birki har goshina ya kusa dukan gilashi. Mata suka zube kan juna suna salati, can kuma suka fashe da dariya. Yarinyar ta tsallake, ko ruwanta bai zube ba. Ni ban yi dariya ba, fuskar mijina nake kallo. Yarinyar ta bi ta hagu, shi kuwa dama yake dubawa yana nemanta. A hasken nan na hantsi na ga abin da na daɗe ina ƙin gani: yanar ido ta rufe masa idanu, fari-fari kamar ruwan shinkafa.

Mun yi aikin da ya kai mu, mun kwaso katifu da tukwane da wata tsohuwa da agwaginta. Washegari na sami Bazabarme shi kaɗai yana wanke taya.

"Tun yaushe?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Tun daminar bara ya fara tsananta."

"Kuma kuke zuwa har Malanbil?"

"Hanyar arewa a kansa take kamar Fatiha. Kowace kwana, kowace gada. Ni abin da ke motsi kawai nake faɗa masa, da ramin da aka haifa bayan wucewarmu."

"In atishawa ta kama ka fa?"

"Ba na atishawa a hanya."

"Bazabarmen banza! Rayukan mutane ne fa."

Ya matse tsumman ya ajiye. Ban taɓa ganinsa ba wasa a fuska ba sai ranar. Ya ce, "Uwar ɗakina, ni na ɗauki surukinki daga tabarma na kai shi ɗaki ranar da ya kasa tashi. Bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Ke ma kin gani. In kin san wata hanya ki faɗa mini, wallahi na gaji. Idona ne ke tuƙi, cikina ne ke ciwo."

Daga nan na nufi wurin ɗan farina. Ba na kiran sunansa, ko a nan ba zan kira ba. Ya yi lekol, ya sami takardar tuƙi, yana jan motar siminti a wani kamfanin gwamnati, da kakinsa da hularsa. Na same shi a gidansa na unguwar Agontinko. Na fara kewaye-kewaye, sai ya tare ni.

"Inna, na sani."

"Ka sani?"

"Duk tasha ta sani. Direbobi in sun hango motarmu sai su sauka gefe su ba ta hanya. Baba yana cewa girmamawa ce."

"Kuma ka zauna?"

"To in yi yaya? In je in ce Baba ba ni makulli? Da wane baki zan ƙara cin tuwon gidan? Na ce masa mu je a duba idon, ya ce hayaƙin inji ne, zai washe."

Gaskiyarsa. Ɗa ba ya tambaya. Yaron mota ba ya tambaya. Mata kuwa ba a ma sa su a lissafin ba, don ba wanda ya taɓa zaton mace za ta kusanci zancen. Na koma gida ina juya abin. In na faɗa masa gatsau, zai hau mota don ya nuna mini, ya je ya cika a hanya kamar kakansa, ya tafi da 'ya'yan mutane. Jaki in mai shi ya faɗi tsayawa yake yi. Kamiyo ba ya tsayawa. In kuma na tara masa dattawan Zango suka sauke shi, na shimfiɗa masa tabarmar da hannuna. Duka biyun ban ga wanda zan iya zama da shi ba.

Ranar tafiya ta zo. An ɗora gishiri a ƙasa, kwanoni a sama, an ja tampol an ɗaure. Na fito da guzuri kamar kullum, sai dai ya fi na kullum yawa. Na koma na fito da ƙunshin kayana da butata da mayafin fita unguwa. Na buɗe ƙofar mota, na tattare zane, na hau na zauna a tsakiya.

Maigida ya zagayo, ya ji mutum a wurin. "Wane ne?"

"Ni ce."

"Ina zuwa?"

"Malanbil. Tun da aka kawo ni gidan nan nake cin faɗan albasa, ban taɓa ganin inda take fitowa ba."

"Sauka, uwar yara. Ba a wasa da ranar tafiya."

"Wa ke wasa? Ko ba ka iya tuƙin ba ne?"

Maƙwabta sun fara leƙowa. Bazabarme ya hau ya rufe ƙofa yana kallon gabansa kamar an kai shi gaban alƙali. Maigida ma ya hau ya tayar da inji.

Ban taɓa ganin mota mai kaya tana tafiya a hankali haka ba. Masu keke suna wuce mu. Bazabarme yana ta isar da gaisuwa da muryar da ba ta fita sosai, maigida ko amsawa ba ya yi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ni kuwa na buɗe dakuwa ina ci kamar mai zuwa biki. Da muka kai Bedoko, inda hanyar arewa take buɗewa manyan motoci su fara sakin gudu, sai ya sauka gefe a gaban wani mai facin taya ya kashe inji.

Muka zauna. Bazabarme ya ce zai je ya duba igiya, ya sauka, igiyar da shi ya ɗaure ta da hannunsa.

"Da ke a ciki ba zan iya ba," in ji maigidana.

"Matan da ka ɗauka zuwa Ladji fa? Ba su da maza? Yarinyar nan mai bokiti ba uwa ce ta haife ta ba?"

Ya shafa sitiyari da tafin hannu, inda ya suɗe ya yi sumul saboda riƙonsa.

"Tabarma kike so ki shimfiɗa mini."

"Tabarmar nan kaji sun gama da ita tun tuni. Malam, wa ya ce ka sauka daga mota? Ni ban ce ba. Ga kujera nan gefe, wannan Bazabarmen ya ɗumama maka ita. Ɗan nan naka ya iya murɗa sitiyari, na yarda. Ya san wanda ake saya wa goro a Kandi kafin a buɗe baki? Ya san wace albasa ake sawa a ƙasa, wace ce ba ta son nauyi? Masu gona a Malanbil za su ba shi kayansu don hularsa? Kai suka sani. In ka bar shi shi kaɗai, kafin kaka ya zubar da abin da kakanka ya tara da jakuna."

"Kin daɗe kina shirya wannan."

"Tun Ladji."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya zare makullin ya riƙe shi a hannu ya daɗe. Ni ban miƙa hannu ba, ban ko kalle shi ba. Can ya leƙa ta taga ya ɗaga murya.

"Kai, mai gaisuwa! Je ka kira mini shi."

Bazabarme ya tafi da ɗingishinsa, amma wallahi ranar gudu yake. Muka jira a inuwar mota, na sayi ruwan kwakwa muka sha. Rana ta ɗaga sosai kafin su iso, ɗan nawa da kakin aiki a jikinsa, ko izini ban san ya nema ba. Ya durƙusa a gaban ubansa a bakin titi, masu faci suna kallo.

"Baba, ga ni."

"Mota ta gaji da tsayuwa a rana," in ji uban, ya miƙa masa makullin yana duban wani wuri. "Gishirin mutane ne a ciki. Kuma ba a sa mata giya ta uku da garaje, ba motar gwamnati ba ce."

Ya karɓa da hannu biyu. Ni kuwa na jawo ƙunshina da butata na sauko.

"Ba za ki ga albasar ba?" in ji maigida.

"Ta zo ta same ni."

Na tsaya har suka tashi. Ɗa a sitiyari, uba a gefe ya fito da gwiwar hannu ta taga, Bazabarme kuwa ya haye can bisa tampol kamar biri, gwiwar da ta hana shi hawa ta warke nan take. Na shiga taksi na koma Zango. Na shige ɗakina na rufe ƙofa.

Da suka dawo na ji ƙugin tun daga kwanar masallaci, da kaya, amma hannun da ke tuƙin ba wanda na saba ji ba ne. Matan Dantokpa suka rufe motar. Ina tsaye a ƙofa ina jin muryar maigida ta fi ta kowa, yana cewa a fara sauke na baya, na wance ne, kada a jefa, wanda ya jefa buhu shi zai ci abin da ya fashe. Ɗan farina ya shigo tsakar gida ya zube a kan turmi, idanunsa ja.

"Inna, ki riƙe mijinki. Tun daga Bedoko har Malanbil bai yi shiru ba. Ko barci yake yi sai ya ce na taka kuloci da yawa."

Na ce, "Sha ruwa."

Uban ya shigo bayansa yana kakkaɓe ɓawon albasa daga riga. Na ajiye masa tuwo, ya wanke hannu.

"Malam, ya hanya?"

"Hanya lafiya lau. Yaron nan ne dai da saura. Dole in sake binsa, in ba haka ba zai kashe mini mota." Ya kai loma, ya tauna. "Ƙaro miya."